Mesar da ta rufe baki a ɗarin Damagaram

Wani matashi daga unguwar Birni ya aiko mini da saƙo haɗe da hotuna biyu. Ya ce wani direban babbar mota mai zirga-zirgar Kwatano ne ya kawo masa ƙaramar mesa, irin wadda ke naɗewa kamar gammo ta cusa kanta a tsakiya idan aka taɓa ta. Tsawonta ya kai kamu biyu, kuma sati shida ke nan tana hannunsa. Sau ɗaya ta ci kusu, a satin farko, daga nan ta rufe baki. Kullum da dare sai ya jefa mata kusu mai rai, gari ya waye ya tarar da shi yana ta tsalle-tsallensa. Ga ta kuma tana zagaya akwatin tana tura murfi da hanci. Mahaifiyarsa ta ce yunwa ce ke cin ta, in ba a fitar da ita daga gidan ba wata rana autanta za ta haɗiye. Abin da yake son sani shi ne yadda zai gane tana jin yunwa, da kuma bayan kwana nawa ake ba ta abinci.

Ƙanena, na fara duba hotunan da kyau kafin in ce komai, don an taɓa kawo mini kasa a cikin buhu ana ce mini mesa ce. Taka dai mesa ce, wadda masana ke kira Python regius, kuma ba ta da dafi. Ka kwantar wa Hajiya da hankali. Yawanci girman wannan mita ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi, kuma abin da bakinta zai ɗauka bai wuce ɓera ba. Mai haɗiye ɗan akuya ita ce babbar mesa ta bakin fadama, wannan jinsi ne daban. Sai dai Hajiya tana da gaskiya a wuri ɗaya: murfin nan ya samu sakata. Katangun ƙasa na Birni ba su rasa rami, kuma ranar da ta ɓulla a gidan maƙwabta ba wanda zai tsaya tambayar sunanta kafin ya ɗauko taɓarya.

Hausawa suka ce ciki mai manta kyautar jiya. Wannan cikin mutum ne da na akuya, domin mu jikinmu ne ke ƙona abinci dare da rana don ya riƙe ɗuminsa. Maciji daga waje yake aron ɗumi, saboda haka abin da yake kashewa kaɗan ne ƙwarai. A dangin mesa ma abin ya wuce haka. Idan ta gama narkar da abinci sai cikin nata ya tafi hutu: tumbi ya daina fitar da ruwan tsamin da ke narkar da ƙashi, hanji ya motse. Ranar da ta sake haɗiye ɓera sai duk su farka, hanjin ya kumbura, bugun zuciya ya ƙaru, a yi kwanaki ana aiki. Tayar da wannan inji yana cin ƙarfi, shi ya sa ba ta tayar da shi sai ta tabbata akwai ɗumin da zai kai ta ga gamawa. Mesa irin taka da ta girma, in tana da ƙoshin lafiya, takan yi wata uku, huɗu, wani lokaci fiye, ba ta sa komai a baki ba, kuma in ka auna ta ka ga abin da ta rage bai taka kara ya karya ba. Sati biyar na azumi bai isa ya hana ka barci ba.

Abin da ya kamata ya dame ka shi ne inda ka ajiye ta. Ka tuna daga ina ta fito. Gidan kakanninta daji ne mai ciyawa da bishiyoyi jefi-jefi, daga Senegal har zuwa Yuganda, kuma mafi yawan waɗanda ake fataucinsu daga Togo da Benin da Gana suke. Can ma ba a fili take wuni ba, tana cikin ramin ɓera ne ko tsohon suri, inda ɗumi da danshi ba su cika canzawa ba. A Kwatano danshin iska yakan wuce 70 cikin 100 kusan duk shekara. Mu nan, da hunturu ya sauko, yakan faɗi ƙasa da 20 da rana, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, sanyin asuba kuma a watan Disamba da Janairu ya sauko wajen digiri 15. An ɗauko ta daga can an dire ta a akwati a kan siminti cikin wannan yanayi. Ni da ta ci gaba da ci ne ma zan fi jin tsoro, domin ɓeran da aka haɗiye cikin sanyi ruɓewa yake yi a ciki kafin ya narke.

Tana bukatar akwatin ya kasance da gefe biyu. Gefe ɗaya mai ɗumi, digiri 31 zuwa 33, ɗayan kuma mai sanyi-sanyi, 25 zuwa 27, ita za ta zaɓi inda take so. Da dare kada ya faɗi ƙasa da 23 ko 24. Danshi kuwa tsakanin 55 da 70. Kada ka yi wannan da ƙiyasi, ka sayi ɗan ma'aunin nan mai batir da ke nuna zafi da danshi tare. Ka ɗaga akwatin daga ƙasa, ka kai shi ƙuryar ɗaki inda iskar taga ba ta bugawa, ka rufe mafi yawan ragar saman da katako ko leda mai kauri don danshi ya zauna, ka bar wurin shan iska. In ka samu tabarmar ɗumi ta lantarki, sai tare da na'urar da ke kashe ta idan zafi ya kai, kuma a ƙarƙashin akwatin daga waje. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, gorar ruwan zafi da aka naɗe da tsumma aka jingina a jikin akwatin daga waje tana fitar da kai dare guda. Kaskon garwashi kuwa kada ma ya shigo ɗakin. Maciji yakan kwanta a kan abu mai zafi har cikinsa ya ƙone bai motsa ba.

A hoton da ka turo ban ga maɓuya ba, sai yashi da kwanon ruwa. Wannan kaɗai ya isa ya hana ta ci. Mesar da ba ta da inda za ta cusa jikinta ta ji bango na taɓa ta ta kowane gefe, a tsorace take wuni. Ka samo ƙananan tukwanen ƙasa biyu, ka fasa wa kowacce ƙofa a gefe, ka goge kaifin, ka kife ɗaya a gefen ɗumi ɗaya a gefen sanyi. Su yi mata cif-cif, kada su yi faɗi. Tukunyar ƙasa ta fi duk robar da ake sayarwa amfani a garin nan, don in ka jiƙa bayanta takan riƙe laima ta riƙa sakinta a hankali. Yashin nan ka kwashe shi, yana busar da fata kuma yana bin abinci ya shiga ciki. Takarda ta wadatar, in ka samu zaren ɓawon kwakwa ya fi.

Sai batun kusun da kake kwana da shi a akwatin. Daga yau ka daina. Shekarun baya wani ya kawo mini tasa mesar a cikin kwali, yana cewa wata cuta ce ta fito mata a baya cikin dare ɗaya. Da na buɗe sai na ga gadon bayanta an gaigaye shi wuri uku, kowanne kamar faɗin kwabo, a wani wurin har farin ƙashi ya fito. Ɓeran da ya bar mata ne yunwa ta kama shi, ita kuwa da ta ji cizo sai ta yi abin da ta gada, ta dunƙule ta ɓoye kai ta bar masa jiki. Mun yi wata biyu muna wanki da shafa magani. Ta rayu, amma sai da ta yi saɓa huɗu kafin tabon ya haɗe, kuma ta daɗe in ta ji warin ɓera sai ta juya kai. Ban da haɗarin cizo, kai da kanka kana koya wa taka cewa kusu abin damu ne da ke tattaka ta kowane dare.

Yanzu ga alamar yunwa ta gaskiya, kuma ba ta da hayaniya. Wannan dabba maharbiya ce mai kwanton ɓauna. Bayan magariba, ka rage haske ka zauna nesa kaɗan. In ka ga kanta ya leƙo daga ƙofar tukunya, sauran jiki yana ciki, wuya ya ɗan lanƙwashe ya ɗaga daga ƙasa, ta tsaya cik kamar an dasa ta, harshe na fita yana daɗewa a waje, to ta zauna farauta ke nan. Da harshen take kwaso wari ta kai wata gaɓa da ke ganɗarta. Ka kuma duba leɓenta na sama, za ka ga jerin ƙananan ramuka. Da su take jin ɗumin jikin ɓera ko a baƙin duhu. In ka gitta ta gaban akwatin ka ga kan yana bin ka sannu a hankali, ba ta ja da baya ba, wannan ma alama ce. Idan ta yi haka dare biyu ko uku a jere, kuma kwanakinta sun cika, sai ka ba ta.

Zagayen da taka take yi tana tura murfi, wannan neman hanyar fita ne. Ko wurin bai yi mata ba, ko ta rasa maɓuya, ko kashi take son yi, ko kuma namiji ne, domin daga ƙarshen kaka zuwa cikin ɗari lokacin barbararsu ne, kuma mazan sukan bar ci su shiga yawo. Hamma ma ba yunwa ba ce, gyara muƙamuƙi take yi. Sara kuwa iri biyu ne. In ta yi huci ta kai sara ta saki nan take ta koma ta dunƙule, tsoro ne. Ta yunwa ba ta huci, in ta kama ba ta saki, nan da nan take naɗe abin.

Amma duk wannan karatun ido ne, kuma ido yana ruɗi. Ni alƙalina sikeli ne. Ka nemi ƙaramin sikelin girki mai nuna giram, ka sa ta a cikin roba mai murfi ka auna, ka cire nauyin robar, ka rubuta a littafi da kwanan wata. Sau biyu a wata ya isa. A littafin nan za ka riƙa rubuta ranar da ta ci, nauyin abin da ta ci, ranar da ta ƙi, ranar da ta yi kashi da ranar saɓa. In tana azumi nauyin yana nan ko ya ɗan motsa kaɗan, ka bar ta. In ta zubar da kashi 10 cikin 100 na nauyinta, misali daga giram 1,000 ta koma 900, magana ta canza. Ka haɗa da kallon bayanta. Mai lafiya bayanta kamar kunyar gona yake bayan ruwa ya daddaɓe ta, akwai tudu amma a mulmule. Ramammiya ƙashin bayan yakan fito da tsini kamar kan jinka, gefen ya lotsa, fata ta yi tamoji. Wadda aka cika wa ciki kuwa takan zama zagaye kamar taɓarya, tsakiyar bayan ya yi kwari, fata ta riƙa leƙowa tsakanin ɓawonta, kusa da wutsiya ya yi kitse sannan ya tsuke farat ɗaya. A cikin waɗanda ake kawo mini, masu ƙiba sun fi ramammu yawa, kuma kitsen nan hanta yake kashewa. Dabba ce da kan yi shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula. A 2020 gidan namun daji na Sent Luwis a Amurka ya sanar cewa wata tasu mai kimanin shekara 62 ta yi ƙwai. Da ɗura ba a kai wannan shekaru.

Tazarar kwanaki tana bin nauyi ne. Jaririyar da ta ƙyanƙyashe ba ta ci sai ta yi saɓar farko, bayan sati ɗaya ko biyu. Daga nan har ta kai giram 200, duk kwana 5 zuwa 7. Daga 200 zuwa 500, duk kwana 7 zuwa 10. Daga 500 zuwa kilo ɗaya, duk kwana 10 zuwa 14. Wadda ta wuce kilo, sau ɗaya a sati biyu zuwa huɗu, kuma ni na fi karkata ga sati uku. Girman abincin kuwa, ƙa'idar da ba ta bukatar lissafi ita ce kaurin ɓeran ya yi daidai da wurin da ya fi kauri a jikinta, kada ya wuce. In kana son lissafi, ƙarama tana cin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta, wato mai giram 400 ta samu abu mai giram 40 zuwa 60. Tana girma kana ragewa, har babba ta tsaya wajen kashi 5 zuwa 7. Taka mai kamu biyu ina kyautata zaton tana tsakanin rukuni na uku da na huɗu, sikeli zai raba gardama. Guda ɗaya mai girman da ya dace ya fi ƙanana uku.

Ban tambaye ka inda kake samo kusun ba, amma na san amsar: tarko a rumbu ko a shago. Nan ne na fi jin tsoro, kuma tsoron har da kai. Kusun gari yana cin shinkafar ɓera a gidan maƙwabci ya shigo naka yana tangaɗi, shi ne ma ya fi saurin faɗawa tarko, kuma gubar tana wucewa cikin wanda ya ci shi. Yana ɗauke da tsutsar ciki. Sannan ɓeran nan mai nonuwa da yawa, wanda yana cikin abincin wannan mesa a daji, shi ne kuma mai ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Borno. Ta fitsarinsa da kashinsa da jininsa take kama mutum, kuma sanyin firigo ba ya kashe ta. Gafiya ta yi girma kuma tana da mugun cizo. Jaba kuwa warinta ma ya isa.

Mafita ita ce ka yi kiwon fararen ɓeraye naka, namiji ɗaya mata biyu a keji mai ragar ƙarfe. Cikinsu sati uku ne, cikin wata biyu za ka rasa inda za ka kai su. Kafin nan, ɗan tsakon kwana ɗaya daga wajen masu kaji yana tsayawa, nauyinsa wajen giram 40. Kada ka ji ana cewa ba ta cin tsuntsu. Wani bincike da aka wallafa a 1998 kan irinta a kudu maso gabashin Najeriya ya nuna mazan suna hawa bishiya kuma tsuntsaye sun yi yawa a abincinsu. Illar tsako kawai kashinta yakan yi ruwa ya yi wari, don haka ban so ya zama shi kaɗai har abada. Tsokar nama daga mahauta, ƙwai, madara, duk ba abincinta ba ne. Dabba sukutum take bukata, da ƙashi da hanta da gashi.

Ranar bayarwa, a kashe ɓeran nan take ba tare da an wahalar da shi ba, a miƙa shi da ɗuminsa. In daskararre ne, ka sa shi a leda ka tsoma a ruwa har ya saki gaba ɗaya, ka matsa cikinsa ka ji babu sauran ƙanƙara, sannan ka mayar da shi ruwa mai ɗumi har ya kai ɗumin jikin mutum ko ya ɗara kaɗan, musamman kan. Ba dafawa ba. Wanda ya narke saboda ɗaukewar wuta ya kwana, na zubarwa ne. Ka riƙe shi da dogon awartaki, kada da hannu, don hannunka ya fi shi ɗumi kuma ita ɗumi take bi. Ka kawo shi gaban ƙofar tukunya ka ɗan motsa shi kamar mai kiwo, kada ka buga mata a fuska. Tunda taka daga daji aka kamo ta, kamar yadda girmanta ya nuna, mai yiwuwa ta raina matacce da farko. Sai ka ajiye shi a bakin tukunyar, ka rufe akwatin da zane, ka fita. Da yawa sai sun ji shiru suke ci. In gari ya waye yana nan, ka zubar, kada ka sake gwadawa sai bayan kwana 10.

In ta ci, kwana biyu cur kada hannu ya taɓa ta, kada a kira abokai kallo. In ta amayar, dalilin bai wuce sanyi, ko ɗauka, ko abincin ya yi girma ba. Ka ba ta sati biyu maƙogwaron ya warke, sannan ka koma da ƙarami. Idan ka ga launinta ya dushe, idon ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, saɓa ce ke tafe. Ba ta gani sosai a lokacin, yawancinsu ba sa ci, kai dai ka ƙara jiƙa tukunya. Saɓar da ta fita ɗaya kamar safa shaida ce danshi ya yi. In ta fita gutsi-gutsi ta maƙale a ido da wutsiya, hunturu ya yi aikinsa. Farin abu mai kama da alli da za ka gani tare da kashinta fitsarinta ne, ba cuta ba.

Ka kuma sa a ranka cewa bazara na tafe da nata. A Afrilu da Mayu, lokacin da garin nan ke haura digiri 40, ɗakin kwano yana iya kashe ta a wuni ɗaya, zafi ya fi sanyi saurin kisa. Ɗakin ƙasa mafi sanyi a gidan, kusa da randa, da jiƙaƙƙen buhu a kan akwati, shi ne wurinta. In zafin cikin akwatin ya wuce 35 ban ba da abinci, sai ruwa. Da yawansu a nan sai iskar damina ta kaɗo suke buɗe baki da kansu.

Akwai abubuwan da ba a jira da su. Majina ko kumfa a baki da hanci, numfashi mai ƙara, ɗaga kai sama da baki a buɗe, dasashi ya kumbura ko ya yi ruɓa, amai sau biyu a jere, ko jaririya ta yi wata guda ba ta ci ba. Waɗannan na likitan dabbobi ne. Ɗura da ƙarfi kuwa, ko wani gardi ya ce maka ya iya, kada ka yarda. Ka duba jikinta ko akwai kaska, don na daji ba su cika rasa ta ba, kuma in ta yi kashi ka ɗebi sabo a leda a duba tsutsa. Ka wanke hannu da sabulu duk lokacin da ka taɓa ta ko kwanonta, saboda macizai na ɗauke da ƙwayar salmonela, autan Hajiya kuma kada ya riƙa wasa da ruwanta. Tunda ta tsallako iyaka, kuma jinsinta yana cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, wato ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ka leƙa wajen ma'aikatan gandun daji ka ji abin da doka ta ce game da riƙe ta.

Yau ka auna ta ka rubuta, ka kwashe yashin, ka kife tukwanen, ka gyara ɗumi. Daga nan sati biyu ba ɗauka, ba abinci, sai canjin ruwa. A daren kwana na goma sha biyar, in ka ga kan nan a ƙofar tukunya, ka miƙa mata tsako mai ɗumi. Ko ta ci ko ta ƙi, ka turo mini nauyin farko da na ranar, da abin da ma'aunin zafi ya nuna da asuba. Ka gaida Hajiya.